Bindigar da Malam Ya Bari a Gida

Tsakanina da bindigar nan, wa Malam ya fi so? Na tambayi kaina a Jarwal, na tambaya a Mina, na sake tambaya ranar da aka fita da shi a makara, har yau ban samu amsa ba. Na san za a yi dariya, a ce tsohuwa ta ruɗe, tana kishi da ƙarfe da itace. A yi ta yi. Malama Hajara, maƙwabciyata a nan unguwar Rusaifa ta Makka, ita ke rubuta abin da nake faɗa, don ni ban san baƙi a takarda ba. Na ce mata in kuka ya zo mini ta jira ni, kada kuma ta gyara mini magana.

Sunana Dije. Mijina maharbi ne ɗan maharbi, daga wani ƙauye a bakin daji, yammacin Katsina. Bindigarsa ta ɗure ce, ƙirar maƙera, gadon mahaifinsa. Tun ina amarya na ga yadda yake ji da ita. Man kaɗanyan da nake tanadi don fason ƙafata, shi yake lakata ya shafe ta tun daga baki har gindi, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa. In damina ta sauka, ita ke samun kusurwar da ba ta yoyo, ni in yi ta jan tabarma ina kauce wa ɗiga.

Sai daji ya lalace. 'Yan bindiga suka tarar da ɗana na fari a gona suka harbe shi. Ba na faɗin sunansa yana raye, ba zan fara yanzu ba. Malam ya fita da bindiga a kafaɗa, ya dawo da gawa a kafaɗar. Daga nan samarin gari suka shiga aikin sa-kai, suna bin daji suna ramuwa. A garinmu kuwa Sarkin Baka, shugaban maharba, ba ya karɓar ɗan maharbi cikin masu fita sai da bindigar gidansu da yardar ubansa. Ɗa namiji ɗaya ya rage mini, Auta, idonsa ya yi ja tun ranar jana'izar yayansa. Malam ya ɓoye bindigar inda ba wanda ya sani, ya sayar da shanun noma, ya ce mu tafi umra. Ba zan ba da labarin rabuwa ba.

A Jidda aka fara cutarmu. Mutumin da ya shirya mana tafiya, mai farar riga da carbi har gwiwa, ya karɓi fasfo ɗinmu ya ce zai je a buga hatimi, mu tsaya jikin wani ginshiƙi. Muka tsaya har rana ta juya. Ƙafafuna suka kumbura. Wani Bangali mai shara ya yi ta wucewa yana kallonmu, can sai ya ajiye tsintsiya ya kawo mana ruwa da gurasa, ya yi ta nuna mu da hannu yana kiran mutane har ya samo wani direba Bahaushe. Ban san sunansa ba, amma ina sa shi a addu'a. Abin da na lura da shi a cikin taron nan shi ne hannun Malam. Motsi kaɗan sai ya kai shi kafaɗa, kamar mai gyara maratayi, ya tarar babu komai. Ni ina gefensa ana ta ture ni, hannun nan bai taɓa neman nawa ba.

Direban ya sauke mu a unguwar Jarwal, gidan wata Hajiya Rabi, mutuniyar Maraɗi da ta daɗe a Makka ba takarda. Ta dube mu sama da ƙasa ta ce, "An yi muku irin ta kullum ke nan. Ku shigo, ba ku ne na farko ba." Ta ba mu lungu a bayan labule. Muka yi umrarmu, muka yi kuka a gaban Ɗakin Allah, sannan muka zauna, don ba fasfo, ba guzurin komawa. Muka zama takari, irin waɗanda in sun hango motar shurɗa, wato 'yan sanda, sai su shige lungu.

Hajiya Rabi ta koya mini sayar da hatsin tattabaru a hanyar Harami. Ana ƙulla shi a leda, mahajjata su saya su watsa. In ma'aikatan baladiyya, wato hukumar gari, suka ɓullo, sai a tattare zane a yi ta kai. Rannan na faɗi ina gudu, hatsin ya watse, tattabaru suka rufe ni. Wata Balarabiya ta ɗaga ni, ta karkaɗe mini jiki tana cewa, "Ma'alesh ya khala," wato yi haƙuri, inna. Da na koma gida na ba Malam labari, sai ya ce, "Tsuntsayen garin nan ba su san mutum ba. Har kan ƙafata suke sauka. A ce maharbi na zaune, nama na taka shi, kuma haramun ne ko ya kore shi." Bai tambayi gwiwata ba.

A Jarwal na koyi wani kishin da ban zo da shi daga gida ba. 'Ya'yan Hajiya Rabi a nan aka haife su, Hausarsu rabi Larabci, ba su taɓa jin ƙarar bindiga ba sai a waya. Faɗansu na ƙwallo ne da na caja. In tayar mota ta fashe a titi, ni kaɗai ke zubewa ƙasa, su yi ta dariya suna cewa, "Khala Dije, mafi shai, ba komai, taya ce." Sai in dubi uwarsu tana raba musu shinkafa, kowa da ransa, in kau da kai. Matar nan ta ba ni masauki, ta ba ni sana'a, amma akwai ranakun da ba na iya kallon idonta. Allah Ya yafe mini.

Daga baya aka samo wa Malam aikin haris a wani bene a Rusaifa, wato gadi. Gadi ba makami, sai makulli da tiyon wanke motoci. Aka ba mu ɗan ɗaki a ƙarƙashin matakala. A nan ya haɗu da Alhaji Illiya, Bagobiri daga Nijar, tsohon jandarma, irin 'yan sandan can, da ke zaune wurin ɗansa a bene na kusa. Kullum bayan la'asar sai ya zo da butar shayi, su shimfiɗa kwali a bakin ƙofa.

"Ina bawana Bakatsine?" in ji shi tun daga nesa.

"Ga ubangidanka nan, Bagobiri. Zo ka zuba mini shayi."

Ba su da hira sai ta bindiga. Alhaji Illiya ya ce, "Malam, makami na hukuma ne. Na yi aikin nan har na tsufa. Duk garin da kowa ya rataya tasa, wallahi rigimar akuya ma sai an binne mutum."

"Hukumar tana ina ranar da aka shigo gonata? Tana hanya, mota ba mai."

"To kai da kake da ita a kafaɗa, me ta yi maka?"

Ina bayan labule ina tsince shinkafa. Na ce yau abota ta ƙare. Sai na ji Malam ya fara magana da wata murya da ban sani ba. Ya faɗi yadda ya tarar da yaronmu kwance tsakanin kunyoyin gero, da sauran numfashi. Ya faɗi yadda ya hango su suna tafiya a kan babura, ya ɗaga bindiga, ya tuna harbi ɗaya gare ta su kuwa nasu ba ya ƙarewa, ya sauke. Ya faɗi abin da yaron ya ce kafin ya cika. Ni da na haife shi, Malam bai taɓa gaya mini yaron ya yi magana ba. A bakin titi na ji, ana ba Bagobiri, ana kurɓar shayi. Shinkafar nan da hawaye na dafa ta.

Alhaji Illiya ya ce, "To ka gani. Ka sa a miƙa ta ga hukuma."

"In na miƙa, gobe da me za a tare ƙofar gari? Da taɓarya?"

"To ka ba yaronka ita."

"In na ba shi, ba ƙofar gari zai tsaya ba. Daji zai shiga, a kawo mini shi kamar yayansa."

"Kai dai Bakatsine ba ka da gaba ba ka da baya."

Haka suke yi kullum, har mazauna benen suka saba, in sun wuce su ce, "Lissa?" wato har yanzu ba ku gama ba?

Auta kuwa bai bar mu mun huta ba. Duk Juma'a sai ya kira wayar Malam. In uban ya ƙi maganar, sai ya ce a ba shi ni. "Inna, ki sa baki. Sa'o'ina duk suna fita, ni ina zaune kamar mace. Har waƙa yara ke yi mini. Na san waɗanda suka kashe Yaya, na san dajin da suke kwana." Ni abin da nake so a jefa bindigar nan a rijiya a rufe da ƙasa. Na gaya wa Malam haka. Ya ce, "Wannan ba maganar mata ba ce." Ya ɗauki kwalinsa ya fita wurin abokinsa.

Da aikin Hajji ya zo, ɗan Alhaji Illiya ya sa mu cikin masu aiki a tantunan Mina. Malam na dakon ruwa da ƙanƙara, ni ina wurin masu tuƙa tuwo. A tantin mata na haɗu da wasu hajiyoyi biyu daga ƙasarmu, katifunsu na jere. Da suka ji daga inda nake, sai hira ta koma gida. Ta farko, Hajiya Kulu, ta ce a garinsu an yi sulhu, aka ce kowa ya kawo bindigarsa, suka tara a gaban hakimi har da ɗaukar hoto. Ba a yi wata ba aka shigo musu da rana tsaka, ba wanda ya iya ko tari. Aka tafi da 'yarta. Ta biyun, Hajiya Asabe, ta tashi zaune ta ce, "Ni kuwa masu tsaron garin ne suka kashe ƙanena. A tsakiyar kasuwa, yana cinikin buhun masara. Wani ya nuna shi ya ce yana kai wa 'yan daji burodi. Ba a tambaye shi ko sunansa ba."

"Da muna da bindiga da 'yata na ɗakinta."

"Da ba su da ita da ƙanena ne ya kawo ni Hajjin nan."

Suka yi ta yi har mata suka taru suna cewa ku ji tsoron Allah, kuna cikin harama. Kowacce ta juya wa 'yar'uwarta baya. Amma washegari da aka dawo daga jifa, ƙafafun Hajiya Kulu sun kumbura ba ta iya takawa, na shigo da tuwo na tarar Hajiya Asabe ta ɗora su a cinyarta tana matsa mata.

Na kai wa Malam labarin nan a bayan tanti, yana zaune kan kwandon ƙanƙara yana haki. Ya saurare ni har ƙarshe, abin da bai saba ba. A Minan ne rana ta buge shi. Ya faɗi da jarka a kafaɗa, aka ɗauko shi, tun daga nan ƙirjinsa bai koma daidai ba.

Muka dawo Rusaifa yana kwance. Asibiti sai da takarda, mu kuwa ba mu da ita, sai maganin da ɗan Alhaji Illiya ke sayowa. Ana cikin haka Auta ya kira ya ce sulhu ya iso garinmu. An ce kowane gida ya miƙa makaminsa kafin kaka. Gari ya rabu biyu, dattawa na son a miƙa, samari sun ce sai dai su kwashe su shiga daji su gama da abin gaba ɗaya. Ya ce, "Baba, ko ka faɗa mini inda take, ko in rushe gidan nan ɗaki-ɗaki har in same ta."

Alhaji Illiya ya dawo da shayinsa cikin ɗakinmu, ya zauna bakin katifa, ni aka tura ni bakin murhu. Ina ji Malam ya ce masa, "An ba ni wani labari a Mina." Ya kwashe labarin hajiyoyin nan kaf ya faɗa. An ba shi. Ba Dije ba, ba matata ba, an. Na riƙe ludayi har hannuna ya yi zafi.

Bagobirin ya ajiye kofin shayinsa. Sannan ya ce, "Mu a bariki, ba mai kwana da bindigarsa. Ɗaki guda ake tarawa. Makulli biyu, hannu biyu. Mutum ɗaya ba ya buɗewa don ransa ya ɓaci."

Malam ya ce, "Mu ma maharba muna da doka tun kakanni. Bindiga da ɗuri ba ta shiga kasuwa. Yaran yanzu ne suka watsar."

"To a tara a kai bariki."

"A tara, amma a cikin gari. Barikinku ya yi nisa."

"Hukuma ta san adadinsu."

"Ta sani. Amma makulli ɗaya wurin mai gari, ɗaya wurin Sarkin Baka."

"Ba mai bin kowa daji."

Nan Malam ya yi tari mai tsawo. Na san abin da ke cinsa, don shi ma ya so a bi su. Ya ce, "Ba mai bi. In an shigo gari, ko za a raka manoma girbi, a buɗe. In an gama a mayar."

Alhaji Illiya ya ce, "Wallahi ban so ba. Makami a hannun talaka dai."

"Ni ma ban so ba. Bindigar ubana a ɗakin wani, da kwaɗo."

"Bawan banza, ka cinye mini rabin magana."

"Kai ka cinye mini fiye da rabi."

Suka yi dariya har tari ya sake kama Malam. Ni ko kallona ba su yi ba.

Suka kira mai gari, suka kira Sarkin Baka. Ba a karɓa nan take ba. Mai gari ya ji tsoron abin da hukuma za ta ce, samari suka ce tsofaffin da suka gudu Makka ba su da bakin magana. Amma Sarkin Baka abokin Malam ne tun suna bin zomaye, ya tsaya a kai. Har yau hukuma ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Wasu gidajen sun kai nasu ɗakin, wasu sun ɓoye. Malam ya faɗa wa Auta inda tasa take, cikin bangon tsohon rumbu, naɗe da fatar akuya, ya ce ya kai ta da hannunsa.

Washegari Auta ya kira yana huci. Ya fasa bangon, ya same ta, ya kai ta ɗakin kamar yadda aka ce, an ƙirga ta da sunan gidanmu. Amma ba kunama a jikinta, ɗan ƙarfen nan da ake ja ta tashi. Maƙerin gari kuma ya ce ba zai sa wa bindigar gado sabon ƙarfe ba sai da izinin mai ita. "Baba, sanda ka ba ni! Ko an buɗe ɗakin, kowa ya ɗauki tasa, ni in ɗauki me? Ni da na rantse sai na ga bayan mutanen nan!" Malam ya miƙo mini wayar ya juya fuska bango.

Ya cika bayan kwana kaɗan, da hantsi. Alhaji Illiya da ɗansa suka yi ta faɗi-tashin takardu har aka samu aka sallace shi a Harami, dubban mutane da ba su san shi ba suka yi masa salla. Har wannan ma na yi masa kishi. Shi ya samu ƙasar Makka, ya huta, ya bar ni ƙarƙashin matakala da waya a hannu. Auta na kira duk Juma'a. Wani lokacin da lallashi, wani lokacin da faɗa, wani lokacin ya sa matarsa ta roƙe ni. Ina sauraron muryarsa kamar yadda nake sauraron numfashinsa yana jariri. Ban faɗa masa ba tukuna.

Don da safiyar ranar da Malam zai cika, Alhaji Illiya ya zo da butarsa kamar kullum, sai Malam ya ce, "Bagobiri, ɗan ba mu wuri." Bai taɓa korarsa saboda ni ba. Na matso kusa da shi. Na ce yau zai ce na gode, Dije, ko ki yafe mini, ko ya tuna wani abu na ƙuruciyarmu. Ya kamo hannuna ya jawo ni, ya raɗa mini inda kunamar take. Malama Hajara, ɗaga alƙalaminki, wannan ba na takarda ba ne.

To, rubuta sauran. Bai saki hannuna ba, ya ce:

"Ni bindiga na sani, Dije, yaron nan ke kika san shi. Ranar da kika ji ya daina lissafa waɗanda zai kashe, ki faɗa masa. In ranar ba ta zo ba, ki riƙe abinki, ki taho mini da shi lahira."